Karenmu Ya Ɓata, Autana Ya Daina Cin Abinci, Maigida Yana Zargin Maƙwabta

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce, muna zaune a wata sabuwar unguwa ta hanyar Dass a nan Bauchi, inda gidaje ke da rata, ga kangaye ko'ina. Bayan ɓarayi sun haura mana katanga sun kwashe awaki da janareta, sai maigida ya sayo ɗan kwikwiyo irin wanda ake ce wa karen 'yan sanda. Wanda ya sayar mana ya ce an yi masa allura, mu kuma ba mu ƙara bi ta kai ba. Yara suka sa masa suna Damisa. Shekara biyu yana tare da mu, da rana a ɗaure, da dare a sake shi a tsakar gida. Tun zuwansa maƙwabta suka sa mu gaba, wai irinsa cin mutum yake yi, wai mun koma Turawa. Yaransu kuma ba su da aiki sai jifansa ta ƙasan get. Kwanakin baya ya tsinke sarƙa ya ɗan kama 'yar maƙwabcinmu a ƙafa. Ba wani ciwo ba ne, an wanke an sa mata magani a kemis. Bayan kwana huɗu autana ɗan shekara 11 ya fita sallar asuba ya bar get a buɗe, kare ya fice, yau mako uku ke nan babu labarinsa. Maigida ya dage cewa uban yarinyar ne ya sa aka kashe shi, ya ce zai sayo wani ƙaton kare da ake kira Boerboel don su shiga hankalinsu. Ni damuwata yaron nan ne, don shi ke ba shi abinci. Ya daina cin abin kirki, yana kuka da dare, yana cewa shi ya jawo. Yayyensa suna masa dariya, kakarsa kuma ta ce ba a yi wa kare kuka a gidan Musulmi. Hajiya, laifi ne yaro ya yi baƙin cikin kare? Me zan ce masa? Kuma mu sake sayen wani?

Ƙanwarki daga Bauchi

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanyaya zuciyar yaron nan, ya kuma gyara tsakaninku da maƙwabtanku. Duk tambayoyinki zan amsa su, amma akwai maganar da kika wuce ta a guje, kuma ita ce ta hana ni sukuni tun da na karanta wasiƙarki: yarinyar da aka ciza.

Kin ce ba wani ciwo ba ne. A cizon kare ba a auna haɗari da girman rauni. Ƙwayar cutar haukan kare a cikin yawu take, kuma haƙori ya ɗan fasa fata kawai ya ishe ta shiga. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa mutum zai warke sarai, a manta da zancen, sai bayan wata biyu ko uku ciwo ya taso. Wani lokaci mako guda ne, wani lokaci har shekara. Da zarar alamu sun bayyana, irin su ruɗewa da dalalar yawu da tsoron ruwa, to kusan babu wanda ke tashi, kowane asibiti aka kai shi a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samun ta.

Likitoci suna da ƙa'ida a kan wannan. Idan kare ya ciji mutum, a killace shi a sa masa ido kwana 10. In ya cika kwanakin nan lafiya lau, to lokacin da ya yi cizon babu cutar a yawunsa. Damisa ya ɓace a rana ta huɗu, ba ku da katin allurarsa, kuma ko da mai sayarwar ya yi gaskiya, allurar shekara biyu da suka wuce ba abin dogaro ba ce tunda ba a sabunta ba. Zan kuma faɗa miki abin da ba za ki so ji ba: karen da ya canja hali, ya yi cizon da bai saba yi ba, sannan ya bar gida ya shiga duniya, yana cikin kamannin da ake tsoro. Ban ce yana ɗauke da cutar ba. Karen da aka daɗe ana jifa ma zai iya yin haka da lafiyarsa. Amma ran 'yar mutane ba abin da za a bar wa wataƙila ba ne.

Lokaci bai ƙure ba muddin yarinyar tana lafiya. A kai ta babban asibiti yau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ko Asibitin Ƙwararru, a faɗa wa likita gaskiya ba rufa-rufa: kare ne ya cije ta ranar kaza, ba shi da katin allura, kuma ya ɓata kafin kwana 10. Mutane da yawa suna gudun allurar saboda labarin ta zamanin da, wadda ake jera wa mutum a ciki. An daɗe da barin wannan. Yanzu a dantse ake yi, sau uku ko huɗu ko biyar gwargwadon tsarin da likita ya zaɓa, ana farawa da ranar farko, sai rana ta 3, sai ta 7. Shi zai duba ko tana buƙatar wata allurar da ake yi a gefen raunin, da kuma ta tetanus. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a fara a watsar. In babu allurar a inda kuka je, ku tambaye su inda ake samu, ku bi ta ko wane gari ne. Shi ma autanki a tafi da shi. Shi ke ba karen abinci, don haka a tambaye shi cikin lallashi ko Damisa ya taɓa yaƙushinsa ko ya lashe masa wani ciwo a kwanakin ƙarshe, a bar likita ya yanke hukunci. Don gaba kuma, ke da duk mai karanta wannan: da zarar kare ya ciji mutum, a sa sabulu a tsaya a bakin famfo ko a riƙa kwarara ruwa da buta har minti 15, sannan a wuce asibiti. Kemis ba wurin wannan aikin ba ne.

Kuɗin allurar da na mota duk a wuyanku suke. Karenku ne, sarƙarku ce ta tsinke. Na san maigidanki yana cikin fushi, kuma ba ƙaramin abu ba ne namiji ya taka zuwa ƙofar wanda yake zargi. Ki same shi a lokacin da ya huce, ba a gaban yara ba, ki ce masa: Baban yara, in wani abu ya sami yarinyar nan, da wane ido za mu kalli iyayenta, me kuma za mu ce wa Allah? Ya ɗauki mai unguwa ko limamin masallacinku su je tare. Zuwa da kai ya fi aike. Ke ma ki shiga wurin uwar yarinyar ki duba ta, ki ba da haƙuri ba tare da kin kawo zancen jifa ba. Zancen jifa yana da ranarsa.

Game da zargin da maigida ke yi, ni ban ga hujja a wasiƙarki ba. Babu gawa, babu wanda ya gani, babu wanda ya ji. Ana zuba wa karnuka guba a unguwanninmu, gaskiya ne, kuma zalunci ne da mai yin sa zai amsa a gaban Allah. Amma hanyoyin ɓatan kare suna da yawa. Namijin kare ɗan shekara biyu da ba a yi wa fiɗiya ba yana jin warin karya daga nesa, ya bi ta har ya kasa gane hanyar gida, balle wanda bai taɓa fita unguwa ya san lungunanta ba. Ga motocin hanyar Dass. Ga kuma masu sata, don irin wannan kare kuɗi ne a hannun wanda ya san inda zai kai shi. Akwai ma fatake da ke bin garuruwan Arewa suna sayen karnuka zuwa kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato, ba nisa da iyakarmu ta kudu. Da wannan duka a gabansa, mutum ya tsayar da laifi a kan maƙwabcinsa guda, alhali 'yarsa ce aka ciza? Zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

Ƙarfin da ake ɓatawa a zargi a sa shi a cigiya. 'Yan sintiri su ne suka san abin da ke yawo da dare. Sai masu shayi da 'yan acaba, da mahauta a kwata, don karen da yunwa ta kama can yake nufa, ko bola. A kai hotonsa asibitin dabbobi da wurin masu sayar da karnuka, saboda duk wanda ya saye shi wata rana zai bi ta ɗaya daga cikinsu. A sa a WhatsApp na unguwa, a ba da sanarwa a rediyo in da hali, a yi alkawarin tukwici. Amma a cikin cigiyar dole a faɗi cewa duk wanda ya gan shi kada ya kama shi da hannu, ya kira ku kawai.

Yanzu ga autanki.

Babu laifi ko kaɗan a cikin kukan da yake yi. Yaron da ya shekara biyu yana tashi da safe ya zuba wa dabba ruwa, ta gane takunsa tun daga waje, ta yi masa murnar dawowa daga makaranta, in bai ji zafin rabuwa da ita ba, shi ne abin da zai tayar miki da hankali. Anas bin Malik, Allah ya yarda da shi, yana da ƙani ana kiransa Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigo gidan ya ga yaron a cikin damuwa, ya tambayi dalili aka faɗa masa. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba, bai yi masa dariya ba. Ya kira shi da alkunyarsa kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun nasa. Wannan ita ce sunnar da za ki bi a gidanki, kuma ita za ki karanta wa yayyensa masu dariya.

In aka ce ai wancan tsuntsu ne, wannan kuwa kare, to ga hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya koma cikin rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, aka ce musu akwai lada a kan duk mai rai da ke jin ƙishirwa. Abin da aka yi gargaɗi a kansa shi ne riƙe kare ba tare da buƙata ba, inda hadisi ya ce ladan mutum na raguwa kullum, sai fa karen farauta ko na kiwo ko na gona. Malamai da yawa sun haɗa gadin gida a cikin wannan rangwame idan akwai tsoron ɓarayi. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin, da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasarmu, kare mai rai ba najasa ba ne, duk da cewa ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Wasu mazhabobin sun tsananta fiye da haka, shi ya sa ya fi kyau kare ya tsaya a muhallinsa na waje, nesa da ɗakuna da wurin salla. Ku da aka haura wa katanga aka kwashe muku dabbobi, kuna da uzurinku.

Ita kuwa kaka, kada ki ja da ita. Tarbiyyar da ta tashi a ciki ke nan, kuma tsoron Allah ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Ki bar ɗanta ya ba ta labarin Abu Umair a cikin hira, ya roƙe ta ta riƙa jan jikan nata a jiki tana sa masa albarka. Sau da yawa abincin da yaro ya ƙi karɓa a hannun uwa yakan karɓa a hannun kaka.

Abin da ya fi cin yaron nan a ganina shi ne get ɗin da ya bari a buɗe. Kewa daban, jin cewa kai ka jawo daban, kuma na biyun ya fi nauyi a zuciyar ɗan shekara 11. Kada ki ce masa ya manta kawai. Ki zaunar da shi ku biyu, ki bar shi ya faɗi yadda abin ya faru da bakinsa har ya gama, sannan ki gaya masa gaskiya: kowa yana mantuwa, kuma tsare kare aikin manya ne. Gidan da mantuwar minti biyu ta ishi kare ya fice, tsarin gidan ne ke da gyara. Zai fi ratsa shi in daga bakin mahaifinsa ya ji haka. Ina kuma roƙon maigida ya daina zancen an kashe Damisa a gaban yaron, domin duk lokacin da ya faɗa, abin da yaron ke ji shi ne mantuwarsa ce ta kai karen ga mutuwa, ga kuma ƙiyayyar maƙwabta da ake dasa masa.

Kada ki yi masa ƙarya don ki kwantar masa da hankali. Kada a ce an kai shi ƙauye, kada a yi masa alkawarin zai dawo. Ki ce muna nema, mai yiwuwa a same shi, mai yiwuwa ba za a same shi ba, kuma duk inda yake Allah ya san da shi, shi ke ciyar da shi. Ki sa shi a cikin neman, ya zaɓi hoton da za a yi cigiya da shi, ya raka babansa wurin 'yan sintiri. Ku sa wa neman iyaka, misali wata guda nan gaba, don kada ya zauna kullum kunnensa na bakin get. Kwanon karen da sarƙarsa a bar su sai ranar da shi da kansa ya ce a ɗauke. In kuna da sauran awaki ko kaji, ki damƙa masa kulawarsu, hannun da ya saba ciyarwa yana son abin ciyarwa. Idan kuma wasu makonni suka ƙara shuɗewa yana ramewa, ba ya barci, ko ya fara ƙin makaranta, ki mayar da shi wurin likita a kan wannan ma.

Sai maganar cewa irin su Damisa cin mutum suke yi. Wannan kare asalinsa na kiwon tumaki ne, a Jamus aka tsayar da irinsa a 1899, kuma saurin ɗaukar horo ne ya sa 'yan sanda da sojoji suka rungume shi, har ana horar da shi ya yi wa makafi jagora. A 2022 wasu masu bincike a Amurka sun wallafa nazarin da suka yi a kan karnuka fiye da 18,000, suka gano cewa iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Ƙasashen da suka gwada hukunta iri ma sun ga iyakar dabarar. Ingila ta haramta pit bull da wasu irin a 1991 kuma dokar tana nan, amma Holan da ta yi irin wannan haramci a 1993 ta janye shi a 2008, saboda cizon bai ragu ba. Abin da ya fi gina halin kare shi ne yadda aka rene shi, musamman a watanni ukun farko na rayuwarsa, da yadda ake mu'amala da shi kullum.

To amma kada wannan ya sa ki ɗauka maƙwabtanku ba su da gaskiya ko kaɗan. Iri ba ya faɗin ko kare zai yi cizo, amma yana faɗin irin ɓarnar da zai yi in ya ciza. Uwar da ke tura 'yarta Islamiyya ta gaban get ɗin da kare mai kilo 35 ke gurnani a bayansa, tsoronta halal ne. Kuma tsarin da kuka bi, wanda shi ne tsarin mafi yawan gidaje, shi ke mayar da kare abin tsoro. Dabba ce mai son motsi da jama'a, aka ɗaure ta wuni guda a sarƙa, ba ta san kowa ba sai 'yan gida, ga duwatsu na shigowa ta ƙasan get, ba ta da inda za ta gudu. Abin da ta koya a shekara biyu shi ne ƙananan ƙafafun da ke wucewa a waje su ne masu cutar da ita. Ranar da sarƙa ta tsinke kuwa, ba ta tsaya tantance wace ƙafa ce ta yi jifa ba. Yaran da ke jifa sun yi laifi, iyayensu sun yi sakaci, kuma bayan an gama da maganar asibiti ya kamata mai unguwa ya tara ku a faɗi wannan a fili. Amma ku ma da naku kason, kuma in maigida ya fara ambaton nasa, zai ga yadda sauran za su sauko.

Shi ya sa ban goyi bayan sayen Boerboel ba, ko kusa. Kare ne na gonakin Afirka ta Kudu, namijinsa yakan haura kilo 60, cinsa kaɗai ya ishi aljihun gida, kuma in ya fizga babu yaro ko mace da za su riƙe shi. A hannun gwani yana iya zama mai natsuwa. A gidan da sarƙa ta riga ta tsinke sau ɗaya, a unguwar da ake zaman doya da manja, kuma da niyyar a tsorata maƙwabta, tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Rangwamen da shari'a ta yi don tsaron gida ne daga ɓarawo. Ba ta ba kowa izinin razana maƙwabci ba, mutumin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yin wasiyya da shi har Manzon Allah ya zaci za a ba shi gado.

Akwai wani son zuciyar kuma da ba a cika magana a kansa ba, wato raina karen gida. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka sai kare ya zo da sunan Turawa sannan ya isa gadi, har za ki ga an sayo mai gashi buzu-buzu irin na ƙasashen ƙanƙara an ajiye a Bauchi, inda zafin Maris da Afrilu ke kai maki 40, dabba tana haki kamar ranta zai fita, don kare ba ya zufa kamar mutum. Karen da mafarautanmu da makiyaya ke yawo da shi ya saba da ranarmu, ya fi jure kaska da cututtukan nan, cinsa kaɗan, kunnensa kuwa ba ya barci. Danginsa na Sahel da ake kira Azawakh, na Mali da Nijar da Burkina Faso, da Basenji na Kwango, yau a Turai da Amurka da tsada ake sayensu. Gidan da ke son a tashe shi in an taɓa katanga, haushi yake buƙata, kuma karen gida yana da shi.

Don haka amsata a kan sake sayen wani ita ce: ba yanzu ba. Sai an gama allurar yarinyar, an zauna da maƙwabta, kuma yaron ya nuna da kansa yana so. Kawo sabon kwikwiyo gobe don a share masa hawaye zai koya masa cewa abin da aka rasa canja shi ake yi kamar takalmi. In lokacin ya yi, a fara gyara wuri kafin kare ya iso: keji mai faɗi da inuwa wanda zai iya zagayawa a ciki ba sarƙa, ruwa a gabansa dare da rana, shinge na biyu tsakaninsa da get, a kuma toshe ƙasan get ɗin. A karɓi kwikwiyo ɗan wata biyu daga inda za ku ga uwarsa da idonku, ku wuce da shi asibitin dabbobi kai tsaye. Akwai allurar da ake fara yi tun yana mako 6 zuwa 8, mai kare shi daga cutar gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo, sai ta haukan kare in ya cika wata 3, a kuma sabunta ta duk shekara. Wannan allura ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke nan kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu yin ta. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a jihohi da dama akan yi wa karnuka allura kyauta a lokacin. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yawo a wurin. Katin allurar a adana shi tare da takardun gida. Da kuna da shi yau, da rabin tashin hankalin nan babu.

Sauran hidimar ba ta da wuya, naci take so. Maganin tsutsar ciki da na kaska a kan lokaci. Fiɗiya a hannun likita, tana rage yawon bin karya. Abin wuya mai lambar wayar maigida. Sauran tuwo ba laifi, amma a kiyaye miya mai albasa da yawa, da inabi da cakulan, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa a ciki, kuma kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Masu ba kare barkono ko ƙwaya, ko su kulle shi a duhu wai don ya yi zafi, azabtar da dabba suke yi, kuma karen da aka yi wa haka 'yan gida yake fara cizo. Tun yana ƙarami a riƙa fita da shi da igiya da yamma, ya ga mutane da awaki da babura, a kira yaran maƙwabta su gan shi a gaban babba, a koya musu cewa ba a jifan kare, ba a taɓa shi yana cin abinci, kuma in ya nufo mutum a tsaya cak, ba a gudu. Kafin ma a kawo shi, maigida ya sanar da maƙwabta a masallaci, ya nuna musu inda za a ajiye shi.

In Allah ya sa Damisa ya dawo, ko aka kira ku aka ce ga shi can, ki riƙe yaron kada ya ruga ya rungume shi, duk da na san abin da zai fara yi ke nan. Babba ya lallaɓa shi da abinci ya shiga wuri mai ƙofa a rufe, ba tare da an taɓa bakinsa ba, a kira likitan dabbobi ya zo har gida. Makonnin da ya yi a waje ba a san da wane kare ya yi faɗa ba, don haka likitan ne zai faɗi tsawon killacewar da za a yi masa kafin ya koma cikin mutane. A sanar da likitan yarinyar ma a ranar, domin dawowar karen da lafiyarsa bayan kwana 10 da cizon labari ne mai daɗi a gare ta, amma shi zai ce a ci gaba da allurar ko a tsaya, ba ku ba, ba iyayenta ba.